Maigidana ne ya haɗa sola da hannunsa, gobara ta tashi: mu faɗa wa kamfanin inshora gaskiya?

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kaduna, yaranmu huɗu. Gidan da muke ciki maigidana ya saya ne da lamunin asusun gidaje na ma'aikata, kuma tun farko banki ya sa aka yi wa gidan inshorar gobara, ana cirar kuɗin duk shekara. Maigidana mutum ne mai son aikin hannu, famfo, fenti, fanka, duk shi ke gyarawa. Da tsadar fetur ta ishe mu sai ya sayo sola da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta soket) da batura biyu, ya kalli yadda ake haɗawa a YouTube, ya haɗa da kansa, ya ajiye baturan a siton kicin. Makon jiya da tsakar dare wuta ta tashi a siton. Allah Ya taimaka maƙwabta suka kashe kafin 'yan kwana-kwana su iso, ba wanda ya ji rauni, amma siton da silin ɗin kicin da firji da kayan abinci duk sun ƙone. Yanzu kamfanin ya aiko da takardar cikewa, a ciki ana tambayar wa ya yi aikin wutar gidan da ko an yi wani canji. Wani abokinsa mai shagon kayan wuta ya ce zai rubuta masa rasit da kwanan watan bara a kan cewa yaransa ne suka yi aikin, don in aka ji shi ya yi ba za su biya ko sisi ba. Maigidana ya fara karkata, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah a ba ni shawara.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Jaje, Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar muku da mafi alheri. Gobarar tsakar dare da aka fita daga cikinta da yara huɗu lafiya, wannan kaɗai abin yin sujadar godiya ne.

Zan fara da rasit ɗin, don shi ne ya fi gaggawa. Kada a rubuta shi. In an riga an rubuta, kada ya kai hannun kamfanin. Ba wai ina faɗa miki haka ne don wa'azi kawai ba, ko da yake hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu ya ishe mu hujja. Ina faɗa ne don abokin nan, da kyakkyawar niyyarsa, yana shirin jefa ku a ramin da ya fi wanda kuke ciki zurfi. Takardun inshorar gobara suna ɗauke da sharaɗin da ke cewa in aka sa yaudara ko shaidar ƙarya a cikin neman diyya, dukkan haƙƙin mai nema ya faɗi. Ba ɓangaren da aka yi ƙaryar a kansa kawai ba, duka. Wato ko da kuna da haƙƙin a biya ku silin da rufi, rasit ɗin bogi zai iya cinye wannan haƙƙin. Ga shi kuma ƙirƙirar takarda laifi ne a dokar ƙasa, kuma maigidanki ma'aikaci ne mai sunan da zai kare.

Sannan ki duba wanda za a kai wa rasit ɗin. Kamfanin ba ya yanke hukunci daga ofis, yakan turo mai tantance asara, mutumin da sana'arsa ke nan, shiga gidajen da suka ƙone. Zai tsuguna a siton, ya ɗaga wayoyin da suka narke, ya duba kaurinsu, ya nemi fis ɗin da ya kamata a ce yana kusa da batir, ya ga yadda aka murɗa mahaɗa aka naɗe da salatif. Aikin wanda ya koya a waya ba ya ɓuya ga irin wannan ido. Daga nan zai ce a kira masa yaron da ya yi aikin, ya tambaye shi takardar shaidar ƙwarewarsa, ya tambaye shi me ya sa ya ajiye batura a sito marar taga. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ranar, abokin nan zai zaɓi tsakanin shagonsa da abota, kin kuma san wanda zai zaɓa.

To, yanzu ga abin da abokin ya faɗa wanda ba daidai ba ne: cewa da zarar an ji maigida ne ya yi aikin da hannunsa, shi ke nan babu diyya. Mutane da yawa haka suka ɗauka, amma harkar ba haka take tafiya ba.

Inshorar gobara an yi ta ne saboda gobara, kuma mafi yawan gobarar gida kuskuren mutanen gidan ne ke jawo ta. Wannan ta bar dutsen guga a jone aka kawo wuta, wancan ya manta maganin sauro kusa da labule, yaro ya yi wasa da ashana. Da a ce sakacin mai gida yana soke inshora, da ba ta da amfanin komai. Akwai wata tsohuwar shari'a da aka yi a Ingila a 1941, wadda masu koyon dokar inshora ke karantawa har yau da sunan Harris da Poland. Wata mata ce ta ji tsoron ɓarayi, ta ɓoye kayan adonta da kuɗin takarda a cikin murhun ɗumama ɗaki, ƙarƙashin itace da gawayi, ta fita. Da ta dawo ta manta, ta hura wuta a kai. Masu inshora suka ƙi biya, kotu ta ce su biya, don ba da gangan ta ƙona kayanta ba. Na kawo ta ne saboda dokar inshorarmu daga ta Ingila ta samo tushe, kotunanmu kuma suna duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Abin da ke hana diyya kai tsaye shi ne mutum ya cinna wa kayansa wuta da gangan, ko ya ga haɗari ƙuru-ƙuru, ya san haɗari ne, ya ce ko oho. Maigidanki da ya kwana da iyalinsa a gidan bai yi kama da wanda ya san wuta za ta tashi ba.

Amma ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai wuraren da kamfanin zai iya tsayawa, kuma gara ku san su kafin ku zauna da su.

Babba a cikinsu shi ne sharaɗin canji. Lokacin da kamfanin ya karɓi gidanku, ya yi lissafin kuɗinsa ne a kan gida mai wutar NEPA da ƙila janareta. Takardun gobara sukan ce in yanayin ginin ya canza ta hanyar da ta ƙara haɗari, sai an sanar da kamfani ya amince a rubuce, in ba haka ba kariyar na iya tsayawa a kan abin da canjin ya shafa. Fenti ba ya ƙara haɗari. Canza kan famfo, gyara ƙofar da ta sauka, liƙe kwanon da ke yoyo, sa sabon ƙwan fitila, ba wanda zai tambaye ku wa ya yi su. Amma kafa ƙaramar tashar wuta a cikin siton kicin wani abu ne daban, kuma bari in nuna miki dalili da lissafi, don ki fahimci abin da mai tantancewar zai gani.

Wutar soket ɗin gida a Najeriya bolt 230 ce. In kayan gidan suna jan wat 2,000, abin da ke bi ta waya bai kai amfiya 9 ba, wayar soket ta yau da kullum mai lamba 2.5 tana ɗauka ba tare da ta yi gumi ba. To amma batura biyu a haɗe bolt 24 ne kawai. Don su ba da wannan wat 2,000 ɗin, abin da zai bi ta wayar da ke tsakanin batir da inbata ya haura amfiya 80. Kusan ninki goma ke nan. Shi ya sa masu sana'ar ke sa waya mai kauri kamar ɗan yatsa a wannan ɗan tsakanin, su matse bakinta da ƙarfe na musamman, su kuma sa fis ko abin katse wuta dab da batir. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko ragowar wayar gida ya sa, ya ga fitila ta kama, firji na aiki, ya ce alhamdu lillahi. Wayar kuwa tana ɗumi kullum, robarta tana bushewa, har daren da za ta ba da kai. Ƙari a kan haka, baturan ruwa suna fitar da iskar haidurojin in suna caji, iska mai saurin kamawa, don haka ake son a ajiye su inda iska ke shiga da fita, nesa da murhu da tukunyar gas. Siton kicin, da buhunan abinci da jarkar mai da kwalaye, yana cikin mafi munin wuraren da za a zaɓa. Ban faɗi wannan don in kunyata maigidanki ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 gidaje nawa ne suka koma sola, kuma nawa ne a cikinsu ƙwararre ya haɗa? Mutumin ya nemi sauƙi wa iyalinsa ne. Sai dai a garin neman gira an kusa rasa ido.

Ko wannan canjin ya isa ya soke muku kariya, ya dogara ne da ainihin kalmomin da ke cikin takardarku. Shi ya sa aikin farko shi ne ku samo ta. Na san irin gidajen lamuni: yawanci maigida bai taɓa ganin takardar ba, tana can a fayil ɗin banki, shi dai yana ganin an cire kuɗi. Ya je bankin gobe ya nemi cikakken kwafi, har da shafin da aka jera abin da aka yi wa inshora da adadin kuɗin, da duk wani ƙarin sharaɗi da aka liƙa, da kwafin fom ɗin da ya cika tun farko, da shaidar cewa an biya kuɗin bana. Wannan na ƙarshe kada a raina shi, don ƙa'idar Najeriya ita ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya.

Fom ɗin farko yana da muhimmanci saboda wani dalili. Dokar inshora ta 2003, a sashe na 54, ta ce kamfani ya tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci, abin da bai tambaya ba kuwa ana ɗaukarsa marar muhimmanci. Sashe na 55 kuma ya taƙaita wa kamfani ikon ƙin biya don an saɓa wani sharaɗi: sai sharaɗin ya kasance yana da alaƙa da haɗarin ko asarar, kuma saɓawar ta zama yaudara ko ta taɓa ginshiƙin yarjejeniyar. Kin ga kalmar yaudara ta sake fitowa. Yau, kamar yadda kika ba da labari, ba ku yaudari kowa ba, kun dai yi kuskure. Rasit ɗin ne zai miƙa wa kamfanin wuƙar da a yanzu ba ta hannunsa. A Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta maye gurbin ta 2003, don haka duk wanda zai rubuta muku wasiƙa, dillalin inshora ne ko lauya, ya duba wace doka ce ke aiki a lokacin da aka sabunta takardarku, ya ɗauko hujjarsa daga nan.

Sai ki shirya zuciyarki a kan cewa ko an biya, ba komai za a biya ba. Inshorar da banki ke sawa a yi, galibi ta ginin ce kawai, don ginin ne jinginarsa. Bango, rufi, silin, ƙofofi, wayoyin da ke cikin bango. Firji da shinkafa da tukwane kayan cikin gida ne, suna da tasu inshorar daban, in ba ku yi ta ba sai haƙuri. Inbata da baturan ma haka, tunda ba a taɓa sa su a lissafi ba. Ko da an sa su, takardun gobara sukan cire na'urar lantarkin da wutar ta samo asali daga cikinta saboda haɗuwar waya ko zafin kanta, su biya abin da wutar ta bazu ta cinye. Haka abin yake a sauran gyare-gyare: in mutum ya haɗa bututun tanki da kansa ya ɓalle, kamfani ba zai biya kuɗin sake aikin da aka yi ba daidai ba, muhawarar takan tsaya ne a kan ɓarnar da ruwan ya yi wa sauran gidan.

Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki fiye da komai, wato ragin da ake yi in kuɗin da aka rubuta bai kai darajar ginin ba. A ce shekarun baya an rubuta gidan a kan naira miliyan 12, yau kuma sake gina shi zai ci miliyan 30, kin san yadda siminti da rodi suka tashi. In ɓarnar ta miliyan 3 ce, kamfanin zai ce kashi 40 cikin 100 na gidan kawai kuka yi wa inshora, don haka kashi 40 na asarar zai biya, wato miliyan 1 da dubu 200, sannan a cire ɗan kason da takardar ta ce mai gida ne zai ɗauka da kansa. Wannan ba shi da alaƙa da wa ya haɗa sola, amma na faɗa ne don kada ranar da aka kawo lissafi ku ɗauka hukunta ku aka yi. Tunda kuma akwai lamuni a kan gidan, sunan banki na cikin takardar, kuɗin na iya bi ta hannunsa.

A wurin cika fom, a rubuta abin da ya faru yadda ya faru, a taƙaice: a wata kaza mai gida ya sayi kayan sola, ya haɗa da kansa, baturan suna sito, wuta ta tashi a daren kaza. A haɗa da rasit ɗin gaskiya na sayen kayan in yana nan. Kada maigida ya rubuta cewa shi ya jawo gobarar, don bai sani ba. Wayar bogi mai gorar ruwa a ciki da fentin jan ƙarfe a waje ta cika kasuwa, inbata na iya zuwa da lahani daga masana'anta, ɓera na iya cin roba. Gano musabbabi aikin masu bincike ne. Faɗin gaskiya daban, ɗora wa kai laifin da ba a tabbatar ba daban. Ku nemi rahoton 'yan kwana-kwana tunda sun zo, ku ɗauki hoton komai, kada ku share siton ko ku zubar da ƙonannun wayoyi da batura kafin mai tantancewa ya gani, kada kuma a fara gyara sai abin da zai hana ƙarin ɓarna, kamar rufe inda ruwa zai shiga. Ku duba wa'adin mayar da fom, don takardun sukan ba da 'yan makonni ne kawai.

In sun ƙi biya, ku ce su ba ku dalili a rubuce, su nuna sharaɗin da suka dogara da shi. Daga nan akwai NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora tun 1997, tana da sashen karɓar koke, hedikwatarta na Abuja. Kada ku zauna a kan takardar ƙin biyan, wasu yarjejeniyoyin wata uku kacal suke bayarwa a kai ƙara bayan an ƙi. In kuwa taku takaful ce, wato inshorar tsarin Musulunci, duk abin da na faɗa yana nan, sai ma ƙari: asusun da za a biya ku daga ciki gudummawar sauran mahalarta ce, mutane irinku, don haka rasit ɗin bogi aljihunsu zai taɓa.

Saura yadda za ki tunkari maigida, wanda a ganina ya fi cika fom wuya. Mutumin nan yana cikin kunya. Shi ne gwanin gyara a gida, ƙila har maƙwabta na kiransa, yau ga aikinsa ya kusa halaka iyalinsa, kuma unguwa duk ta sani. Rasit ɗin ba kuɗi kawai zai samo masa ba, zai ba shi damar cewa ba ni ba ne. In kika zo masa da ai na faɗa maka, kin tura shi wurin abokin. Ki bari sai dare ya yi, yara sun kwanta, ki fara da abin da yake gaskiya: shekara nawa hannunsa yana rufa muku asiri, kuɗin masu gyara nawa ya tsare muku. Sannan ki ce masa tsoronki ba rasa kuɗin silin ba ne, tsoronki a kira shi a ofis a ce ya ƙirƙiri takarda. Ki nuna masa wannan amsar in kin ga zai karɓa. In kuma akwai yayansa ko wani babba da yake jin nauyi, wanda bakinsa ke da rufi, a sa shi a ciki, amma da saninsa, ba a bayan idonsa ba.

Ba na cewa ya ajiye kayan aikinsa. Ya ci gaba da fentinsa da famfonsa. Iyakar da zan ja masa ita ce duk abin da ya shafi wayar cikin bango da silin, allon rarraba wuta, mahaɗar janareta da NEPA, sola, bututun gas, fasa bango ko ɗora tanki a kan rufi. Waɗannan a kira mai sana'a, kuma a harkar wuta a tambaye shi shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015 wadda ke tantance masu aikin haɗa lantarki. A karɓi rasit a ranar, a ɗauki hoto kafin a rufe silin, a rubuta wa kamfani ta hannun banki cewa an sa sola, a ajiye amsarsu. In sun ƙara kuɗi kaɗan, a biya, a kuma gyara adadin darajar gidan a lokacin sabuntawa.

Wasiƙarki ba ta faɗi ko faifan solar suna nan a kan rufi ba. In suna nan, ki sani da rana ta fito suna ba da wuta ko babu batir, kuma wayoyinsu da suka sauko cikin siton da ya ƙone suna da rai. Kada yara su shiga wurin, kada maigida ya taɓa su da kansa. A kira ƙwararre yau ya raba su daga sama, ya kuma bi sauran wayoyin da aka ja ta cikin silin kafin a mayar da wuta ɓangaren kicin, a gaya wa mai tantance asarar an yi hakan da dalilin yin sa.